Masu Lallashin Tsohuwar Kwamfaila

A duk inda ake rubuta manhaja da harshen C ko C++, akwai mutumin da ba a tunawa da shi sai aiki ya cije. Shi ake nema idan kod ya haɗu lafiya lau a kwamfutar marubucinsa, amma da aka kai shi sabar kamfani ya ce allambaran, allo ya cika da ƙorafi. Sau tari kod ɗin ba shi da laifi. Kwamfaila ce ta tsufa, wato manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da na'ura ke ganewa.

Tambayarsa ta farko ba ta sauyawa: "Wace siga ce a wurinka?" Idan aka ce masa GCC 4.8, to ya san rabin ciwon. Ita ce ta zo tare da CentOS 7, tsarin da ya fito a 2014, aka kuma ci gaba da kula da shi har ƙarshen Yunin 2024. Shekara goma harshe yana tafiya, tafinta na zaune da kalmomin da ya koya tun yana saurayi. Ba kuma sakaci ba ne. Da gangan masu tsarin ke riƙe siga guda, don kada abin da ke aiki a banki ko jami'a ya wayi gari a rushe.

Gwani ba ya bin ɗaruruwan layukan ƙorafi ɗaya bayan ɗaya. Sama yake haurawa ya nemo na farko, domin sauran duk shi ya jawo su. Wani lokaci maganin bai fi ƙara -std=gnu99 a umarnin haɗawa ba. GCC 4.8 ta san ƙa'idar C ta 1999 sarai, sai dai in ba a gaya mata ba, ta 1989 take bi. Sai a GCC 5, a 2015, aka mai da ƙa'idar 2011 abin da ake farawa da shi. Wannan gyaran minti biyu ne, kuma shi ke sa ana raina sana'ar.

Inda ake gane ƙwararre shi ne ranar da kod ya buƙaci C++17, wadda tsohuwar ba ta taɓa jin labarinta ba. Sabon shiga zai ɗauko sabuwar GCC ya girka, komai ya haɗu, ya yi murna. Da manhajar ta isa hannun mai saye sai ta ƙi tashi, tana neman sigar GLIBCXX da babu ita a can, saboda an ɗaure ta da sabon laburaren libstdc++ alhali tsoho ne a na'urarsa. Wanda ya san hanya devtoolset yake ɗaukowa: sabuwar kwamfaila ce da ke zama gefen tsohuwar, tana cusa sabbin sassan laburaren cikin manhajar kanta, ta bar sauran ga na tsarin. In hakan ya faskara, sai a zauna a sake rubuta wurin da salon da, aikin da babu mai yabawa.

Ni a ganina mafi muni shi ne kuskuren da ba ya ihu. A GCC 4.8 akwai std::regex, kod yana haɗuwa babu ko tari, amma ba a kammala cikinsa ba, sai manhaja ta fara aiki ta faɗi. A 4.9 aka cike giɓin. Shi ya sa masu hankali ba sa dogara da lambar siga kaɗai. Sukan sa CMake ko Autoconf ya gwada wani ɗan ƙaramin shiri tukuna, a ga zahiri.

Akwai kuma ranar da lallashi ke ƙarewa, domin kowace dabarar kewaye kaya ce da wani zai ɗauka gobe. Masu kula da kernel na Linux sun yanke nasu hukuncin a 2021: daga siga ta 5.15, duk GCC da ba ta kai 5.1 ba an sallame ta. Hakan ne ya ba su damar komawa ƙa'idar C11 a 2022, bayan kusan shekara talatin suna kan ta 1989.