Gargaɗi ga Mutanen Madarumfa: Kada Ku Hau Ruwa Ba Ku San Wa Zai Ɗauki Nauyinku Ba

Jama'ar Madarumfa, iyayena da ƙannena, da ku baƙi masu zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99, ku ba ni hankalinku. Gulbin Maraɗi ya kawo, tafki ya cika maƙil, kuma ga bukukuwa tafe. Maganar da zan yi ta shafi mai hawa kwale-kwale da 'yan dalolinsa a bakin tafkinmu, ta kuma shafi Alhajin da ake yi wa tallan yawon shaƙatawa a jirgin teku daga Jidda. Tambayar ɗaya ce gare su duka: in abu ya faru a tsakiyar ruwa, wa zai fito da kai, wa zai biya kuɗin likita, wa zai riƙe iyalinka?

Wani yammacin Sallah na tsaya a bakin tafki ina kallon yara. Kwale-kwale ɗaya ya matso gaɓa, suka ruga suka cika shi. Na ƙirga su da yatsa, su 17 ne, ban da matuƙi. 'Yan mata da lallensu ja wur, kuɗin barka da Sallah a ƙulle a bakin gyale, maza da sababbin takalma a hannu don kada taɓo ya ɓata su. Tsakanin bakin jirgin da fuskar ruwa bai fi faɗin tafin hannu ba. A can baya wani yaro na durƙushe da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsiyayowa ta tsakanin katako, tun ba a bar gaɓa ba. Ko rigar ruwa ɗaya babu. Na ce wa matuƙin, "Samari, lodin nan bai yi yawa ba?" Ya ce, "Baba, ai kullum haka muke yi." Allah Ya kiyaye, sun je sun dawo. Amma har suka dawo ban iya zama ba, domin na san abin da ya faru da wasu yaran da su ma matuƙinsu kullum haka yake yi.

Ranar 30 ga Nuwamba 2021, a Bagwai ta jihar Kano, ɗaliban Islamiyya sun taso daga ƙauyen Badau za su ƙetare madatsar ruwan Watari su halarci Mauludi. Jirgin ya yi lodi fiye da ƙarfinsa, ya kife. Mutum 29 aka tabbatar sun rasu, yawancinsu yara. Wata biyar bayan haka, a Mayun 2022, cikin shagalin ƙaramar Sallah, a Mai'aduwa ta jihar Katsina, nan kan iyakarmu, yara sun hau kwale-kwale yawon Sallah, aka ciro gawar aƙalla 15. Waɗannan ba fatauci za su ba, ba gudun yaƙi suke ba. Mauludi da yawon Sallah suka fita, irin fitar da 'ya'yanmu ke yi duk shekara a nan. Ruwansu ma ba teku ba ne, ruwa ne kwance lumui kamar namu, wanda ido ke rainawa.

To, bayan an yi jana'iza an share makoki, wa ya biya? A nan ne maganar inshora, wadda a tasha muka fi kira asurans, ta shigo. Duk direban da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa ya san jandarma zai tambaye shi takardar asurans. Ba son ran jandarma ba ne. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, kuma dokar inshora ta wannan ƙungiya ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Ko da biyan na da wahala da jan rai, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A bakin tafki kuwa, tun tasowata ban taɓa ganin matuƙin da ya nuna wa fasinja takardar inshora ba, ban ga wanda ya ba da tikiti ba, ban ga littafin da ake rubuta sunan wanda ya hau ba. Mai jirgin talaka ne kamarka, jarinsa katakon nan ne da filafili. In jirgin ya nutse, jarin ya nutse. Babu wanda za ka kama, sai dai a ce Allah Ya ji ƙai.

Ku dubi jirgin Le Joola na Senegal. Ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 a hanyarsa daga Ziginshor zuwa Dakar. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, amma waɗanda hukuma ta lissafa sun mutu 1,863 ne, mutum 64 kawai suka tsira. Da yake jirgin gwamnati ne, gwamnati ta yi tayin diyyar sefa miliyan 10 a kan kowane mamaci. Mu kwale-kwalenmu ba shi da gwamnati a bayansa.

Saboda haka, ga mai hawa ruwan gida, babu takardar da zai saya ta tsaya masa. Tsaron duk a bakin gaɓa yake, kafin a tura jirgi. Iyaye, kada ku sallami yara bakin tafki su kaɗai don kawai ranar Sallah ce. Babba ya raka su, ya ƙirga da idonsa, in ya ga lodi ya wuce ya sauko da nasa ko da za su yi kuka. Kukan yaro a tudu abu ne mai sauƙi. Malaman allo da na Islamiyya masu kawo ɗalibai ziyara, ku raba su sawu biyu ko uku, ku rubuta sunan duk wanda ya hau, kuɗin sawu na biyu bai kai ran yaro ɗaya ba. Kada a hau bayan la'asar sakaliya, kada a hau in hadari ya haɗo gabas ko iska ta fara kaɗa ruwa. A zauna daram, ba tashi tsaye don ɗaukar hoto da waya, domin in mutum uku suka karkata gefe ɗaya a lokaci ɗaya, shi ke nan. Kada kuma wanda ya iya iyo ya ruɗi kansa: babbar riga da zani in sun sha ruwa nauyi suke yi, kuma wanda ke nutsewa duk abin da hannunsa ya kai shi yake riƙewa, har wanda ya zo cetonsa. Masu ƙetare gulbi zuwa gona ko kasuwa, ku tuna ruwan nan daga can Katsina yake gangarowa ta Jibiya. Yana iya ƙaruwa a nan alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Sarkin ruwa da manyan masunta, ku ne kuka san tafkin nan ciki da bai, kuma maganarku ce samarin matuƙa ke ji. Ku yanka wa kowane jirgi adadin da zai ɗauka, a rubuta da fenti a jikinsa yadda kowa zai gani. Hukumomin gari da attajiranmu na Maraɗi masu neman lada, rigunan ruwa na manya da na yara sadaka ce da za a daɗe ana mora. Tafkin da sunansa ke cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, bai kamata baƙo ya zo ya tarar ko riga ɗaya babu a bakinsa ba.

Yanzu na juyo kanku, Alhazai da Hajiyoyi masu zuwa Umara da sarin kaya a Jidda da Dubai. Tun 2021 manyan jiragen shaƙatawa suka fara tashi daga Jidda suna zaga Bahar Maliya, kuma a Disamban 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna Aroya. Tallan ya fara shigo mana ta Facebook da WhatsApp: otal mai tafiya bisa teku, ci da sha da kwana duk a kuɗi ɗaya. Wanda Allah Ya hore wa ya je ya ga ikon Allah, ba na hana kowa. Amma in ana tambaya ko a sayi inshorar tafiya, amsata ba ta da kwana-kwana: a saya, kuma wanda kuɗinsa bai kai na inshora ba, to bai kai na tafiyar ba.

Dalili shi ne, "duk a kuɗi ɗaya" bai haɗa da likita ba. Akwai ɗakin shan magani a jirgin, amma ganin likitan da allurar da ƙarin ruwan duk biya ake yi daban, da kuɗin waje, a rubuta a lissafin ɗakinka. Kuma ɗakin ba babban asibiti ba ne. In ciwon ya yi tsanani, irin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, sauke ka za su yi a tasha mafi kusa, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa. Ga ka kwance a ƙasar da ba ka san kowa ba, Hajiya na zaune a baranda da fasfo biyu a jaka, ba ta jin harshensu, asibiti na neman a ajiye kuɗi. Daga nan sai kuɗin otal na mai jinya, sai sabon tikiti, in kuwa sai an ɗauko ka a kwance da rakiyar likita, kuɗin na iya cinye shago sukutum. Ba banza ƙasashen Turai na Shengen suka ƙi ba da biza ba sai mutum ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, wato sefa miliyan 19 da dubu ɗari shida da ɗoriya. Sun san abin da jinyar baƙo ke ci.

Wani zai ce ai bizar Umara da inshorarta take zuwa. Gaskiya ne, tun 2020 Saudiyya ta haɗa inshora a cikin kuɗin bizar. Amma an yi ta ne don zamanka a cikin Saudiyya. Jirgin kuwa yana tsayawa a tashoshin Masar ko Jodan. Kada ka ɗauka takardar da aka yi don Makka da Madina za ta bi ka can.

Ba ciwo kaɗai ba ne. Jirgin teku ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata Alhaji na alwala. In jirgin samanka ya makara, ko ka sauka yawo a wata tasha ka shagala a kasuwa, tafiya zai yi ya bar ka, kuma kai za ka biya kuɗin cim masa. In rasuwa ta same ka a gida ana saura kwana uku tafiya ka fasa, yawancin kamfanoni ba su mayar da kuɗi a irin wannan ƙurarren lokaci. Shi kansa babban jirgin bai fi ƙarfin ƙaddara ba. Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya ranar 13 ga Janairu 2012 da mutum sama da 4,200, mutum 32 suka mutu. A Fabrairun 2020 an tsare Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 saboda korona, sama da 700 suka kamu.

Sai dai sayen ma da ido buɗe ake yin sa, kuma a nan ne aka fi cutar mutanenmu. Wani ɗan'uwana ya taɓa biyan kuɗin inshorar tafiya ta hannun wani dillalin biza. Da ciwo ya kama shi a waje, ɗansa ya kira lambar da ke jikin takardar, ba ta shiga. Da ya dawo muka duba tare: hoton takardar wani ne aka goge suna aka sa nasa. Sai da aka sayar da shanu biyu aka biya bashin jinyar. Don haka ka karɓi takardar asali da rasit mai sunan kamfanin inshorar kansa, ba na dillali ba. A dokar CIMA, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Kafin ka bar Maraɗi, ka kira lambar gaggawar da ke jiki ka ji an ɗauka. Ka sa wanda ya iya Faransanci ko Ingilishi ya karanta maka ita layi-layi, har ƙananan rubutun ƙasa. Ka tabbata an ambaci tafiyar jirgin teku ƙarara, domin akwai inshorar tafiya da ke cire ta. Ka tabbata duk ƙasar da jirgin zai tsaya tana ciki, ranakun sun kai har ranar da za ka taka gida, kuma akwai kuɗin dawo da majinyaci.

Abu mafi muhimmanci, kada ka ɓoye ciwonka. Da yawa cikin dattawanmu na fama da hawan jini da ciwon suga, kuma al'adarmu ce in an tambaye mu mu ce lafiya lau. A gaisuwa wannan daidai ne. A takardar inshora kuwa, in ka ce lafiya lau alhali kana shan magani, ranar da ka faɗi za su bincika, su ƙi biya, kuma doka na bayansu. Ka faɗi gaskiya ko da kuɗin zai ƙaru. Mai juna biyu ta sani, yawancin jiragen nan ba su ɗaukar wadda cikinta ya kai mako 24.

Na san abin da ke ran wasunku: shin inshora ta halatta? Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ƙi amincewa da inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin, ta kuma amince da ta taimakon juna, wadda ake kira takaful: jama'a su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda musiba ta samu a ɗebo a taimake shi. Kamfanin farko irin wannan an kafa shi a Sudan tun 1979, kuma a Najeriya akwai masu lasisin yin sa. Ka je wurin malaminka da takardar a hannu tun kafin ka biya kuɗin jirgi. In zuciyarka ba ta natsu da kowace iri ba, to ka haƙura da yawon. Shaƙatawa ba farilla ba ce, kuma bai dace ka tafi hannu sake ka bar wa 'yan'uwa yawon neman taimako a masallatai ba.

Ranar tafiya, ka ɗauki hoton takardar da lambar gaggawar ka tura wa babban ɗanka ko ƙaninka, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin uwargida, ɗaya a jakar wanda zai raka ka. Ku kuma limamai, don Allah ku faɗi maganar kwale-kwalen nan a masallatan Juma'a na Madarumfa da Gabi da Safo da Ɗan Isa wannan makon, tun yara ba su fara tara kuɗin hawa ba.