Jirgi Mai Saukar Ungulu Don Makaranta: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Malaman makarantun Dutsin-Ma da Kurfi sukan nemi shawararmu game da ɗan ƙaramin jirgin nan mai saukar ungulu wanda ake sarrafawa daga ƙasa, don su nuna wa yara yadda abu mai nauyi ke tashi sama. Kuɗin makaranta kuwa kaɗan ne, in ya salwanta ba mai mayarwa.

To, kada a zuba kuɗin duka a kan jirgin. A raba uku: kashi biyu na jirgi, ɗaya na farfela da batir na ajiya. Gama mai koyo lalle ya kayar da shi, batir ɗaya kuma galibi ba ya kai minti 10 a sama.

A zaɓi mai farfela biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowace tana juyawa saɓanin 'yar'uwarta, shi ya fi tsayawa daidai a hannun sabon shiga. A guji wanda ake sarrafawa da haske irin na rimot ɗin talabijin, don hasken rana yana rikita shi. Mai aiki da rediyo ya fi. Kada a tashe shi cikin iskar hunturu, a kuma sanar da hukuma tukuna, kada hankalin jama'a ya tashi.

A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Kano, ya ƙera jirgi irin wannan wanda mutum ke shiga, da tarkacen motoci. Wa ya san ko irinsa na zaune cikin ajinka, Malam?