Littafi Abokin Hirar Mai Juna Biyu A Kurmi

Bisa al'adar ƙasar Hausa, idan cikin fari ya kai wata bakwai akan mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Can za ta zauna tsakanin uwa da inna da gwaggo, ana hira ana kwantar mata da hankali har ta sauka. Amma matan da aure ya kawo Sabo ta Ibadan, ko Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Anaca da Fatakwal, ba kowacce ke samun wannan gata ba. Hanya da nisa, kuɗin mota da yawa. Maigida ya fita tun da asuba zuwa kara ko kasuwar goro, ba ya komowa sai dare, maƙwabta kuwa sau da yawa ba a jin harshen juna. Sai mace ta wuni ita kaɗai a ɗaki, ga nauyin ciki, ga kewar gida.

Irin wannan kaɗaici ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mace ɗaya cikin kowace 10 masu juna biyu tana fama da ciwon damuwa ko makamancinsa, a ƙasashe masu tasowa ma abin ya fi haka. Wadda abin ya yi wa tsanani likita take bukata. Amma ga wadda zaman shiru da tunanin gida ke damu, littafin hira yana ɗauke hankali, ya kuma kawo mata harshen gida har cikin ɗaki.

Littattafan kuwa ba su yi kaɗan ba. Akwai Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku daga 1937. Labaransa gajeru ne, watau sun dace da mai laulayi, wadda ba ta iya dogon zama: ta karanta ɗaya, ta ajiye, ta huta. Akwai Ruwan Bagaja na 1934 ga mai son dariya. Daga 1980, sa'ad da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, mata suka shiga fagen rubutu sosai, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, suna ba da labarin zaman aure da kishi kamar yadda mata suka san shi. Yanzu da yawan littattafan Hausa suna cikin wayar hannu, wasu ma an karanta su da murya, saboda haka wadda ba ta yi boko ba sai ta saurara, ko yaran gida su karanta mata in sun taso daga makaranta.

Wani abin mamaki shi ne, mai ciki ba ita kaɗai ke jin labarin ba. Daga wajen wata shida ɗan da ke ciki yana jin sauti, musamman muryar uwarsa. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Spence, suka bayyana binciken da suka yi, inda mata suka riƙa karanta labari guda da ƙarfi kullum cikin makonni shida na ƙarshe kafin haihuwa. Da aka haifi jariran aka gwada su, sai aka ga sun fi karkata ga wannan labari bisa ga wanda ba su taɓa ji ba. Ba ma'anar suka gane ba, karin muryar ne suka riƙe. Ashe ɗan da za a haifa a kurmi yana iya fara sabawa da Hausa tun yana ciki.

Sai dai karatun yana da ƙa'ida. Idan ciki ya kai wata bakwai, kwanciya ta gefe ta fi ta rigingine, a kuma riƙa tashi ana 'yar tafiya saboda kumburin ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 a je awo sau takwas, layin asibiti kuwa wuri ne mai kyau na buɗe littafi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: idan mai ciki ta ga baƙaƙe suna yi mata dishi-dishi, ga ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska da hannuwa, kada a ɗora wa karatu laifi. Alamun hawan jini ne mai kai wa ga jijjiga, sai a garzaya asibiti nan da nan.

Magidanta da ke ganin karatun hira zaman banza ne ya kamata su sake tunani. Wanda bai iya kai matarsa goyon ciki ba, ba zai kasa yin sautun littafi wurin direbobin da ke zuwa Kano da Zariya ba, ya haɗa mata da tsarabar kuka da daddawa. In ya zauna da dare ya saurari shafi biyu daga bakinta, to, ya rage mata rabin kewar. Allah ya raba lafiya.