Ƙwayoyin halittar da gishiri ba ya kashewa: darasi daga Awe

Da yawanmu mun taso da cewa duk abin da aka barbaɗa wa gishiri ya tsira daga ruɓa. To amma 'yan'uwa masu harkar fata da kifi a Legas da Ibadan sun san wani lokaci kaya kan yi ja-ja ya soma wari, alhali gishiri ya ji. Hakan na faruwa ne saboda akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda gishirin ne ma gidansu. Ruwa irin na maɓuɓɓugan gishirin Awe a jihar Nasarawa, inda mata suka daɗe suna tace ƙasa mai gishiri su dafa ruwan, shi ne mazaunin da suke so.

Ta yaya masana ke gano su? Da farko a ɗebo ruwa ko laka a kwalba mai tsabta. Sai a haɗa abincin ƙwayoyin da agar, wani abu mai daskarewa da ake samu daga ciyawar teku, a turara shi a zafin digiri 121 na minti 15 don kada baƙuwar ƙwaya ta shiga. A zuba a faranti mai murfi, irin wanda Bajamushe Julius Petri ya ƙirƙiro a 1887, a shafa samfurin, a ajiye a ɗumi.

Kowace ƙwaya da abincinta. Idan abincin ba gishiri, masu son gishiri ba za su tsiro ba, sai mutum ya ɗauka babu komai. Dole a zuba musu kamar kashi 20 cikin 100, alhali na teku bai wuce kashi uku da rabi ba. Sannan sai haƙuri, don sukan yi mako ɗaya ko biyu kafin jajayen ɗigo su bayyana.

Duk da haka, mafi yawan ƙwayoyin da ke ƙasa da ruwa ba sa tsirowa a faranti. Shi ya sa yanzu ake ciro DNA kai tsaye daga samfurin a karanta.

Ga ɗan kasuwa kuwa, gishirin da rana ta busar ya fi ɗauko waɗannan ƙwayoyi, dafaffe irin na Awe kuma zafi ya rage su. Kada a maimaita tsohon gishirin da ya yi ja a kan sabon kaya, kuma a ajiye kayan inda ba laima.