'Yar majalisar da doka ta hana ta kama hayar gida

A watan Disambar 1961 mutanen mazaɓar Jacques-Cartier, a tsibirin Montreal, suka tura Claire Kirkland-Casgrain majalisar dokokin lardin Kebek na ƙasar Kanada. Mahaifinta, Dakta Charles-Aimé Kirkland, shi ke kan kujerar tun 1939 har ya rasu a 1961, ita kuma ta tsaya a zaɓen cike gurbi a jam'iyyar Liberal ta lashe. Kafin ita babu macen da ta taɓa zama a wannan zaure, ko da yake matan lardin sun samu damar jefa ƙuri'a tun 1940.

Lauya ce da ta yi karatu a Jami'ar McGill, ta fara aiki a 1952. Amma da ta je birnin Kebek neman gidan da za ta zauna lokacin zaman majalisa, sai aka ce mata takardar haya ba ta ƙulluwa sai da sa hannun mijinta. Dalili kuwa kundin dokokin farar hula na 1866 ya jera matar aure a sahu ɗaya da ƙananan yara: ba ta ƙulla yarjejeniya, ba ta kai ƙara kotu, sai da izinin maigida. Wanda ya tashi inda shari'ar Musulunci ta bar wa matar aure dukiyarta ta juya yadda take so, zai jinjina wannan lamari.

A 1962 Firimiya Jean Lesage ya naɗa ta minista ba tare da ma'aikata ba. Irin wannan muƙami sau da yawa na ado ne, amma ita da shi ta yi babban aikinta. Ta ɗauki nauyin ƙudurin doka mai lamba 16, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1964. Daga ranar matar aure a Kebek na iya sa hannu a kwangila, ta yi sana'ar da ta zaɓa, ta tsaya gaban alƙali da sunanta. A ganina, 'yan majalisa kaɗan ne za su iya nuna doka guda da ta shiga gidaje da yawa haka. Ba ta share komai ba, domin cikakken daidaito tsakanin miji da mata a dokar iyali sai da gyaran 1980, amma ita ta buɗe ƙofar.

Daga nan ta riƙe ma'aikatar sufuri da sadarwa, sannan a gwamnatin Robert Bourassa ta riƙe ta yawon buɗe ido, daga baya ta al'adu. Duk tsawon zamanta ita kaɗai ce mace a majalisar. A 1973 ta bar siyasa aka naɗa ta alƙaliya. Ta rasu a watan Maris na 2016 tana da shekara 91, gwamnatin Kebek ta yi mata jana'izar ƙasa, karramawar da ba a taɓa yi wa wata mace a lardin ba kafin ita.