Mahaɗar Layuka Cikin Alwatika

Ya kai mai karatu, ɗauki takarda da fensir, ka zana alwatika, watau siffa mai gefe uku da kusurwa uku. Kusurwoyin nan in an tara su, digiri 180 ne kullum. Kusurwar littafinka digiri 90 ce. Wadda ta fi ta buɗewa ana kiranta kusurwa mai faɗi, alwatika kuwa ba ta ɗaukar irinta fiye da guda, gama biyu sun wuce 180.

To, ka raba kowane gefe biyu daidai, ka ja layi daga tsakiyarsa zuwa kusurwar da ke fuskantarsa. Layukan nan uku za su gamu wuri ɗaya. In ka yanke alwatikar daga kwali, ka ɗora wurin nan bisa kan ƙusa, sai ta zauna ba ta karkata ba. Wannan mahaɗa a ciki take koyaushe.

Akwai wata mahaɗar kuma. A ce ƙauyuka uku suna so su haƙa rijiya guda, kada tafiyar wani ta fi ta wani. Sai a tsai da layi sak daga tsakiyar kowane gefe, ya yi digiri 90 da gefen. Inda ukun suka gamu, nan ne rijiya. Iƙlidis na Iskandariya ya bayyana wannan kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Amma ka lura. In duk kusurwoyin ba su kai 90 ba, rijiya tana ciki. In ɗaya 90 ce cif, sai ta faɗa tsakiyar gefe mafi tsawo. In kuwa akwai mai faɗi, rijiya ta fita waje, bayan dogon gefen. Gwada da mil 5, da 5, da 8. Daga ƙauyen tsakiya zuwa doguwar hanya mil 3 ne, amma rijiya tana mil 4 da sudusi daga kowa, watau ta ƙetare hanya da mil 1 da sudusi.

Haka kuma layukan da suka sauko sak daga kusurwoyi zuwa gefuna suna da mahaɗarsu, ita ma takan fita waje, amma ta bayan kusurwa mai faɗin. A 1765 wani masani, Euler, mutumin Suwizalan, ya tabbatar mahaɗun nan uku bisa layi guda miƙaƙƙe suke. Ɗora rula a kan zanenka, ka gani da idonka.