Hannun Jarin Nvidia: A Riƙe Ko A Sayar?

Ranar 27 ga Janairu, 2025, hannun jarin kamfanin Nvidia na Amurka, mai tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya faɗi da kashi 17 cikin 100 a yini guda. Waɗanda suka sayar cikin firgici sun ciji yatsa, domin a watan Yuli darajar kamfanin ta kai dala tiriliyan 4. Amma riƙewa ma ba kullum take yin rana ba: a Agustan 2024 jarin kamfanin Intel ya faɗi da kashi 26, kuma ya dakatar da raba riba.

To, ina mafita ga Musulmi? Ya fara duba halalci. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta shardanta kada bashin ruwa ya wuce kashi 30 na darajar kamfani, kada kuma kuɗin shiga na haram ya wuce kashi 5, wanda za a fitar sadaka.

Sai niyya, wadda ta shafi zakka. A mazhabar Malikiyya, mai jujjuya haja yakan yi mata kima kowace shekara ya fitar da ɗaya bisa arba'in, mai jiran kasuwa kuwa sai ya sayar zai fitar da ta shekara guda.

Saboda haka wanda ya sa kuɗin haya ko na makarantar yara, ko ya ci bashi ya saya, ya rage tun da wuri. Wanda ya sa rarar dukiyarsa, ya kuma san sana'ar kamfanin, kada faɗuwar yini guda ta razana shi. Allah Ya sa mu dace.